Jaririyata ta kai wata bakwai ba baftisma, ina jiran kuɗin liyafa

Baban Jaririya:
Ɗaukaka ga Yesu, 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina neman shawararku. Allah ya ba mu 'ya mace, yanzu tana cikin wata na bakwai, kuma har yau ba a yi mata baftisma ba. Ba ƙi muka yi ba. Lokacin wanta mun yi liyafa, mun tara dangi da abokai, an ɗinka sababbin kaya, an ɗauki hotuna. Wannan karon hannuna bai kai ba, ina kuma jin nauyin a ce an yi wa babba an bar ƙarama. Na ce a dakata sai Ista in Allah ya hore. Maiɗakina ba ta yarda ba, jiya har da hawaye. Laifi ne in jira?

Mama Uwar Biyar:
Girma ga Maryamu. Ɗana, matarka ta fi ka gaskiya, ka ba ta haƙuri. 'Ya'yana biyar, biyu aka yi wa taro, uku daga coci muka wuce gida. Yau duk sun girma, babu wanda ya taɓa tambayata baƙi nawa suka zo ranar baftismarsa. Abin da suke tambaya idan aure ya taso shi ne katin baftisma.

Malam Katikis:
Ƙanena, na ji daɗi da ka fito fili ka tambaya, don da yawa suna cikin wannan hali sun yi shiru. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta yi magana a kai kai tsaye. Doka ta 867 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin an yi wa jariri baftisma cikin makonnin farko bayan haihuwa, har ta ce su je wurin Fada, wato firist ɗin cocinsu, tun kafin a haihu domin a shirya su. Makonni aka ce. Wata bakwai ya riga ya yi nisa, balle a ƙara.

Akwai kuma kalmar da take ruɗa mu. Idan littattafan Ikilisiya suka ce ana bikin sakramenti irin su baftisma, abin da suke nufi shi ne jama'ar Allah sun taru, an karanta Maganarsa, an yi addu'a, an zuba ruwa da kalmomin da Ubangiji ya bar mana, an shafa tsarkakakken mai da ake kira kirisma, an sa wa yarinya farin tufafi, an kunna mata kyandir daga kyandir ɗin Ista. Bikin ke nan, ya cika. Mu ne muka ɗauke sunan muka kai shi wurin kujeru da kiɗa, har uba yake ganin in babu su bai yi wa 'yarsa komai ba.

Ka tuna da mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8. Suna cikin tafiya da Filibus, ya hango ruwa, ya ce ga ruwa, me zai hana a yi mini baftisma? Nan take aka tsayar da karusa.

Ɗan Mawaƙa:
Malam, na yarda kada ya jira. Amma ina jin tsoron yadda maganar take karkata, kamar liyafa wani abin kunya ne. Ubangijinmu ya fara nuna alamarsa a wurin bikin aure a Kana, kuma abin da ya yi shi ne ya hana murna yankewa. Uban ɗa ɓatacce da yaronsa ya dawo, ai taro ya haɗa. Sakramentan kansu da abin da hannu yake taɓawa ake yin su: ruwa, mai, gurasa, ruwan inabi, ɗora hannu. Allah ya san mu masu jiki ne. In 'yata ta zama 'yar Allah, ina so maƙwabta su ji, su zo su taya ni. Wannan ma shaida ce.

Mama Uwar Biyar:
Ɗana mai waƙa, wa ya hana murna? Amma murnar da za ta tsare yarinya a bakin ƙofa wata bakwai, ka kira ta da wani suna.

Ɗan Mawaƙa:
Mama, ban musa ba. Abin da nake cewa, a raba biyun. A yi baftisma yanzu, in hali ya samu a tara mutane daga baya, ko ranar da ta cika shekara da baftisma. Ni ban ma ga iyaye suna tuna wa yara wannan rana ba, sai ranar haihuwa kawai.

Kawu Dattijo:
An bar jaki ana dukan taiki. Kuna ta faɗa wa yaron nan ya je, ya je. Ku tambaye shi abin da zai tarar a ofis. Ni da kaina na taɓa kai jikana, a wata Ikilisiya da ba zan ambata ba, aka buɗe littafi aka ce uwarsa tana da bashin kuɗin shekara-shekara, sai ta biya kafin a sa sunan yaro. Muka dawo gida da shi a goye. Uwar ta yi wata uku ba ta taka coci ba don baƙin ciki. To in masu riƙe da littafi sun mai da sakramenti abin ciniki, don me za a ga laifin talaka in ya ɗauka sai da kuɗi ake yi?

Malam Katikis:
Kawu, ba zan kare abin da aka yi muku ba, kuskure ne, kuma na ji zafinsa. Doka ta 848 ta ce mai ba da sakramenti kada ya nemi komai fiye da baikon da hukumar Ikilisiya ta ƙayyade, ya kuma lura kada talauci ya hana mabukaci samun sakramenti. Ta 843 ta ce ba a hana wanda ya nema a lokacin da ya dace, yana cikin shiri, kuma doka ba ta hana shi ba. Dalilin da aka yarda a jinkirta wa jariri baftisma shi ne in babu wata alamar cewa za a rene shi cikin bangaskiyar Katolika. Bashin uwa ba ya cikin wannan.

A wannan sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni dai, Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don su ba shi ikon ɗora hannu, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Tun daga nan Ikilisiya take ƙirga sayar da abu mai tsarki cikin manyan laifuffuka. Shawarata ga duk wanda aka tare a tebur: ya nemi ganin Fada da kansa. Sau da yawa Fada bai ma san an mai da wani gida ba.

Ma'ajin Ƙungiya:
A yi mana adalci kaɗan. Na riƙe kuɗin coci shekaru, na san abin da ake kashewa a wuta da gyaran rufi da gurasar Misa da ɗawainiyar katikis. Akwai mutanen da ba ka ganinsu sai ranar da suke son baftisma ko aure ko jana'iza. Su ne za su kashe dukiya a liyafa, amma ɗan baikon coci sai su ce an tsananta musu. Ranar ce kaɗai ake iya kama su.

Kawu Dattijo:
Ka ji ko? "Kama su." Da jariri za ka kama uba?

Ma'ajin Ƙungiya:
Kawu, kalmar ta yi nauyi, na janye ta. Amma matsalar tana nan.

Malam Katikis:
Tana nan, kuma tallafa wa Ikilisiya wajibi ne a kan kowane mai bi gwargwadon ƙarfinsa. Sai dai a koyar da shi a wa'azi, a bi mutane gida a yi musu magana. Abin da muka karɓa kyauta aka ce mu bayar kyauta, Matiyu 10:8. Haka nake ganin yara sun gama koyon katikisma sun ci jarrabawa, amma ana hana su Jibi na farko, wato karɓar Jikin Kristi karo na farko, don iyaye ba su ɗinka fararen kaya ba. Fafaroma Piyus na 10 ya sauko da shekarun karɓar Jibi zuwa wajen bakwai a 1910 domin kada a nisanta yara da Ubangiji. Abin da ya nema shi ne yaro ya iya bambanta wannan Gurasa da gurasar gida.

Sabuwar Shiga:
Ku gafarce ni, shekarata biyu kacal da shiga Katolika, tambayata ta ɗan kauce. In wanda yake ba da sakramentin shi kansa mai son kuɗi ne, ko yana cikin wani zunubi a ɓoye, abin da ya ba ni ya karɓu? Maganar Kawu ce ta tayar mini da wannan. Na kan tsaya a layin furci, inda muke faɗa wa Fada zunubanmu, ina wannan tunani.

Tsohon Ɗan Seminari:
'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa raba Ikilisiyar Afirka ta Arewa gida biyu fiye da shekara ɗari. A tsanantawar da ta fara a 303, an tilasta wa shugabannin Ikilisiya su miƙa littattafai masu tsarki a ƙone, wasu suka miƙa don tsoro. Da ƙura ta lafa, mabiyan wani bishof mai suna Donatus suka ce duk wanda ya yi haka hannunsa ya ƙazantu, baftismar da ya yi banza ce, sai an sake. Waliyi Agustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi shekaru yana amsa musu. Abin da ya tsaya a kai shi ne, ko Bitrus ne ya yi baftisma, ko Yahuza ne, Kristi ne mai yin ta. Majalisar Trent ta tabbatar da wannan a 1547, a zaman da ta ƙayyade cewa sakramentai bakwai ne, ba ƙari ba ragi.

Ki duba rahamar da ke ciki. Da ingancin gafarar da kika samu ya rataya a kan tsarkin Fada, da sai kin binciki zuciyarsa kafin ki durƙusa, kuma wa zai iya? Zunubinsa yana kansa, zai amsa a gaban Allah, kuma hukuncinsa ba ƙarami ba ne. Ke kuwa kin sami abin da kika zo nema. Abin da ya rage a wuyanki shi ne shirin zuciyarki, domin alherin yana zuwa cikakke, amma amfanin da zai yi miki ya danganta da yadda kika buɗe masa. Kuma doka ta ba ki dama ki zaɓi duk firist ɗin da hankalinki ya kwanta da shi don furci, ba dole sai na Ikilisiyarku ba.

Sabuwar Shiga:
Na gode, Yaya. Wallahi kamar an sauke mini kaya.

Ɗan Mawaƙa:
To a nan ne ni kuma kaina yake ɗaurewa. Zunubin firist bai ɓata baftisma ba, amma kalma ɗaya ta ɓata ta? Na ji an ce wasu sai da aka sake musu.

Tsohon Ɗan Seminari:
Gaskiya ne. A watan Agusta na 2020 ofishin koyarwar bangaskiya na Batikan ya fitar da amsa cewa baftismar da aka yi da "Muna yi maka baftisma" maimakon "Ina yi maka baftisma" ba ta inganta ba. Wani matashin firist a Detroit ta Amurka ya duba bidiyon baftismarsa ta jarirantaka, ya ji dikin ɗin da ya yi ta, wato mai hidima da ke ƙasa da firist, ya ce "muna". Ashe shi kansa bai sami baftisma ba, don haka sakramentin ƙarfafawa da ya karɓa da naɗinsa firist ma ba su zauna ba, tun da baftisma ce ƙofar sauran. Cikin 'yan kwanaki aka yi masa baftisma, aka ƙarfafa shi, aka naɗa shi dikin sannan firist. Aka kuma shiga neman mutanen da ya yi wa hidima domin a gyara abin da ya kamata. Baftismar da shi firist ɗin ya yi wa yara kuwa ta inganta, domin wannan ba ta bukatar naɗi.

Ɗan Mawaƙa:
Yaya, har ga Allah wannan yana yi mini wuyar haɗiya. Iyaye sun kawo ɗansu da zuciya ɗaya, dikin ya yi da kyakkyawar niyya don jama'a su ji suna ciki, sai a ce Allah bai karɓa ba saboda harafi?

Tsohon Ɗan Seminari:
Ba a ce Allah ya juya wa yaron baya ba. Katikisma ta 1992, littafin koyarwar Katolika, ta faɗa a fili cewa Allah ya ɗaura ceto a kan baftisma, amma shi sakramentansa ba su ɗaure shi ba. Yana iya ba da alheri ta inda ya so. Mu ne ba mu da ikon canza abin da aka ba mu amana. Kuma amsar da na ba 'yar'uwarmu ita ce amsarka: wannan "Ina" bakin Kristi ne, mai hidima aron murya kawai ya bayar. In ya mai da shi "muna", ya ce taron ne yake yin baftisma, ya sauya mai aikin. Dalilin da ya sa zunubinsa bai ɓata ta ba shi ne dalilin da ya sa ba shi da hurumin gyara ta.

Ɗan Mawaƙa:
Na fahimci hujjar. Zuciyata dai ba ta gama sauka ba, ina tausayin iyalan. Zan ci gaba da tunani a kai.

Mai Jinya:
Ku bar ni in dawo da mu kan jinkiri, don ni a wurin aikina nake ganin ƙarshensa. Baban Jaririya, ba tsoratar da kai nake yi ba, Allah ya raya mana ita. Amma jikin jariri ba ya ba da sanarwa, zazzaɓin dare ɗaya ya isa ya canza komai. Sau biyu na yi wa jarirai baftisma da hannuna bisa roƙon iyayensu, don babu lokacin kiran kowa. Kowa ya riƙe wannan: in rai yana cikin haɗari, kowane mutum yana iya yi, muddin yana nufin abin da Ikilisiya take nufi. Ruwa zalla, a zuba a kai sau uku, mai zubawar ne kuma zai faɗa da bakinsa: "Ina yi miki baftisma cikin sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki." Daga baya a sanar da Fada a rubuta a littafi. In yaron ya tashi, a kai shi coci a cika sauran addu'o'in, ba a sake zuba ruwa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne shafewar marasa lafiya. In na ce wa dangi a kira Fada, sai fuska ta canza, wani ya ce ai bai kai nan ba, kada a karya masa zuciya. Sai numfashi ya fara sama-sama a shiga buga waya. Sau nawa Fada yake isowa ya tarar an rufe fuska, kuma ba a shafa wa mamaci mai, addu'a kawai zai yi.

Mama Uwar Biyar:
'Yata, kin taɓa mini inda yake ciwo. Haka na yi wa maigidana. Kwana goma sha ɗaya yana kwance, da hankalinsa, har ya ce mini yana son ganin Fada. Na ce masa ka bari ka ji sauƙi mu je tare, don ina ganin in Fada ya shigo da man nan kamar na sallama shi ne. Daren da na yarda a kira, kafin a iso ya cika. Shekara tara ke nan. Na kai wannan wurin furci, an ce mini Allah ya ga marmarinsa kuma ya karɓa, na kuma gaskata. Amma abin da ya roƙa da bakinsa ni na hana shi, wannan ba ya barina. Shi ya sa da na ga tambayar yaron nan na kasa yin shiru.

Kawu Dattijo:
Allah ya ba shi hutawa ta har abada, ya sanyaya miki zuciya. Ba ke kaɗai ba ce, haka muka taso muna jin ana kiransa shafewar ƙarshe.

Malam Katikis:
Amin. Mama, ƙauna ce ta sa ki, ba taurin kai ba, kuma da kika faɗa a nan kin taimaki wasu. Tsohon sunan ne ya dasa tsoron. Majalisar Batikan ta Biyu ta gyara wannan a takardarta ta sujada a 1963, ta ce ba na masu shirin cikawa kaɗai ba ne, lokacinsa ya yi da zarar ciwo ko tsufa ya fara sa rai cikin haɗari. Fafaroma Bulus na 6 ya fitar da sabon tsarinsa a 1972. Yakubu 5:14-15 cewa ya yi mara lafiya ya kira dattawan Ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji, kuma maganar tashi da gafara ce a wurin. Ana karɓa kafin babbar tiyata, tsoho da ƙarfinsa ya ragu yana karɓa, ana maimaitawa in ciwo ya tsananta ko ya dawo. Firist ne kaɗai yake bayarwa, a goshi da tafin hannu. Ko mutum ya fita hayyacinsa a kira, in dai an san da yana iya magana da ya nema. Amma in yana da hankalinsa zai yi furci, ya karɓi Jibi, ya amsa addu'a da bakinsa. Jibin da ake ba mai shirin tafiya shi ake kira guzuri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Jinya:
Na ga waɗanda aka shafa wa suka tashi suka koma gida da ƙafarsu. Na ga waɗanda ba su tashi ba, amma firgicin ya bar fuskarsu. Ku ajiye lambar Fada a waya tun ana lafiya.

Baban Jaririya:
Na karanta duka, har na miƙa wa maiɗakina wayar ta karanta. Mama, maganarki ta shige ni, Allah ya jiƙan Baba. Gobe bayan Misar safe za mu je ofis mu biyu. Saura abu ɗaya: wanda na yi niyyar ɗauka uban baftisma abokin kasuwancina ne, mai hali, kuma gaskiya don zai taimaka da liyafar ne na zaɓe shi. Rabonsa da coci an daɗe. Yanzu ban san yadda zan yi ba.

Malam Katikis:
Tun da ba ka riga ka gaya masa ba, ba ka da nauyin kowa. Abin da ake nema: Katolika ne da ya kai shekara 16, an ƙarfafa shi, yana karɓar Jibi, yana zaman da ya dace da bangaskiya, kuma ba uba ko uwar yarinyar ba. Mutum ɗaya ya isa, namiji ko mace, in biyu ne to namiji da mace. Ka duba wanda in yarinyar ta kai shekara goma sha biyar ta fara tambayoyi masu wuya za ta iya zuwa wurinsa. Abokinka ka gayyace shi ya zo ya tsaya tare da ku, wataƙila ranar ce za ta dawo da shi.

Kawu Dattijo:
In aka buɗe maka littafin bashi, kada ka yi fushi ka juyo kamar yadda muka yi. Ka ce kana son ganin Fada.

Baban Jaririya:
To, Kawu. Maiɗakina ta ce yayarta za ta tsaya mata, ita ce take koya wa yara katikisma a wurinsu. Kyandir da farin zane na wanta suna nan a akwati, za a wanke zanen. Zan sanar da ku ranar da aka sa.

Ɗan Mawaƙa:
Ka sanar da wuri. In ranar Lahadi ce cikin Misa, ka gaya wa shugaban mawaƙanku tun yanzu ya shirya waƙar baftisma.